Kashi nawa ne sata? Muhawara kan satar rubutu a mujallun ilimi

Dakta Rabi:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina neman shawarar waɗanda suka riga mu shiga aikin edita. Kwamitin mujallarmu yana so ya kafa doka guda: duk maƙalar da manhajar gano kamanceceniya ta ba ta sama da kashi 20 cikin ɗari, a mayar wa mai ita tun kafin ta je hannun masu bita, wadda ta zo ƙasa da haka kuma a bar ta ta wuce. Sun ce da haka an huta da gardama, kuma babu marubucin da zai ce an yi masa son kai. Ni dai abin bai kwanta mini ba. Ya kuke yi a wajenku?

Malam Sani:
Wa alaikumus salam Dakta. Ni kam ina bayan kwamitinku. Yawancin editocin mujallun ilimi aikin sa kai suke yi, bayan koyarwa da duba kundin ɗalibai da zaman kwamitoci. In babu iyaka a rubuce, to fuskar marubuci za a riƙa dubawa, a ɗaga wa babba ƙafa, a danne ƙarami. Lamba kuwa ba ta san Farfesa ba, ba ta san ɗalibi ba.

Malam Nura:
Malam Sani, a yi mini uzuri in shigo, don mu na ɗakin karatu mu ke fitar da waɗannan rahotanni. Manhajar ba ta gano sata. iThenticate, wadda Crossref, ƙungiyar da ke yi wa maƙalun mujallu rajista, ta fara bai wa mawallafa a 2008 da sunan CrossCheck, yanzu kuma ake kira Similarity Check, abu ɗaya ta iya: ta ɗauki jerin kalmomi daga rubutunka, ta nemo inda irinsu suka jeru a rumbunta, ta shafa musu launi, ta ɗora musu lamba. A gefe sai ka ga jerin wuraren da aka samo kowanne, na ɗaya kashi kaza, na biyu kashi kaza. Lambar da ke sama, wadda kowa ke zuba wa ido, jimla ce kawai.

Ga misali. Maƙala ta fito da kashi 31. Ka buɗe, sai ka tarar ba a ware manazarta ba, shafi uku sun yi jajawur. Adireshin jami'o'in marubutan ya ɗauki launi, jimlar da ke cewa kwamitin ɗa'a ya amince da binciken ta ɗauki launi, sauran kuma daga kundin digirin marubucin ne da jami'arsa ta ɗora a intanet. Babu ƙwayar sata a ciki. Wata kuma ta fito da kashi 6, amma shidan nan duka daga wuri ɗaya suke, sakin layi biyu cur a sashen tattauna sakamako, inda ake sa ran marubuci ya faɗi abin da shi ya gano. Babu alamar zancen wani, babu madogara. Da dokar kashi 20 kun kori mai gaskiya, kun buga wa ɓarawo.

Malam Sani:
To sai a saita manhajar ta ware manazarta da maganganun da aka ɗauko. Ai akwai wurin dannawa.

Malam Nura:
Akwai, kuma ya kamata a danna. Wannan zai sauke na farkon. Na biyun fa? Yana nan a kashi 6 ɗinsa hankali kwance.

Farfesa Umaru:
Dakta Rabi, zuciyarki ta gaya miki gaskiya. Abin da na gani a zamana a kujerar edita shi ne, wanda manhaja ke kamawa da babbar lamba galibi sabon shiga ne ko malalaci. Gwanin ɓarawo lambarsa ƙarama ce. Zai ɗauko maƙalar da aka buga da Rashanci ko Sifaniyanci ko Larabci, ya fassara ta zuwa Turanci, ya ɗora sunansa. Ko ya bi tsarin hujjojin wani daga farko har ƙarshe, har da jerin littattafan da mutumin ya sha wuyar tonowa, ya sake faɗinsu da bakinsa. Ma'anar da ofishin kula da amanar bincike na Amurka ke aiki da ita ta ce satar rubutu ita ce ɗaukar tunanin wani, ko hanyar aikinsa, ko sakamakonsa, ko kalmominsa, ba tare da an ambace shi yadda ya dace ba. Abu huɗu ke nan. Manhaja na ƙarshen kaɗai take gani.

Akwai kuma masu zuba rubutun sata a manhajar sauya kalmomi don kashin ya sauka. A 2021 Guillaume Cabanac da abokan aikinsa biyu, Cyril Labbé da Alexander Magazinov, suka fara nuna yadda ake gane su: sunayen da kowa a fanni ya sani sai su fito a murɗe. Cikin abin da suka tara akwai inda ƙirƙirarriyar basira ta koma wani abu kamar "jabun hayyaci", sankarar mama ta koma "haɗarin ƙirji". Babu masanin da zai rubuta haka da hannunsa, kuma duk mai bita da ya karanta da ido biyu zai tsaya cak. Amma an buga irinsu a mujallun manyan mawallafa, wanda ke nuna ba a karanta ba.

Jamila:
Ranku ya daɗe Farfesa, ku ba ni dama in faɗi yadda abin yake a ɓangarenmu na ɗalibai. Da wuya ka ji an ce wa ɗalibi "je ka gyara madogararka". Abin da ake cewa shi ne "je ka sauke kashin". Sai mutum ya zauna, rahoto a hannun dama, ƙamus a hannun hagu, yana bin layukan da suka yi ja yana canza kalma ɗaya-ɗaya har launin ya ɓace. Ya fito da kashi 9, kowa ya yi masa barka, alhali tunanin na wani ne yadda yake jiya, kuma har yanzu ba a ambaci mai shi ba. Wallahi ɓoye sawu kawai dokar kashi ke koya mana.

Sannan ina da tambaya. Mu da ba da Turanci muka tashi ba, sashen hanyar bincike shi ke ba mu wahala. Hanya nawa ce ta faɗin cewa an ɗebi jini, an juya shi a na'ura na minti goma? In na yi amfani da hanyar da na bi a maƙalata ta baya, dole sai na sake mata kalmomi?

Dakta Yakubu:
Ƙanwata, kar ki taɓa shi don gudun launi. A ɗakin gwaje-gwaje, murɗa bayanin hanya ya fi maimaita shi illa, don wanda zai gwada aikinki daga baya zai zaci kin canza wani abu. Ki rubuta cewa an bi hanyar da aka bayyana a maƙala kaza, ki ba da madogara, ki faɗi inda kika sauya in akwai. Maimaita 'yan layuka na hanyar aikinki daban, sake buga sakamako ɗaya sau biyu kamar sabo daban. Na biyun shi ne mai cutarwa, musamman a likitanci. A 1997 mujallar BMJ ta buga binciken Martin Tramèr da abokansa kan maganin hana amai, ondansetron. Sun tarar an sake buga wasu gwaje-gwajen a ɓoye, aka ƙirga marasa lafiya ɗaya sau biyu, kuma in aka haɗa da maimaicin sai ƙarfin maganin ya fito sama da yadda yake da kashi 23 cikin ɗari. Wanda ya ce "ai aikina ne, wa na sata?" bai san likitan da zai dogara da wannan lissafi ba.

Kuma tun da na shigo, bari in ɗan taɓa ku. Kun tattara hankali a kan kwafar jimloli, alhali ita ce ƙaramar. A 2012 Ferric Fang da Grant Steen da Arturo Casadevall sun bi maƙalu 2,047 da aka janye a fannin likitanci da kimiyyar rayuwa. Satar rubutu kashi 9.8 ce, sake buga aiki ɗaya kashi 14.2, ƙirƙirar sakamako ko murɗa shi, da wanda ake zargi da haka, kashi 43.4. Elisabeth Bik da abokanta kuma a 2016 sun duba hotunan maƙalu sama da 20,000, da ido ba da manhaja ba, suka samu kusan kashi 4 da hoton da aka maimaita ba bisa ƙa'ida ba. A 2023 maƙalun da aka janye a duniya sun haura 10,000, sama da 8,000 daga mujallun Hindawi, kamfanin da babban mawallafi Wiley ya saya a 2021. Masu ƙera maƙalun bogi da ke sayar da gurbin sunan marubuci ne suka yi musu ambaliya. Irin waɗannan sun san manhajar fiye da mu.

Malam Sani:
Duk na ji, kuma ban musa ko ɗaya ba. Amma kun tsallake maganata. Wa zai zauna ya yi wannan karatun? Manyan mawallafa suna da ma'aikatan da albashinsu ke nan. Ƙaramar mujalla edita ɗaya ne da mataimaki. Kuma har yanzu ba wanda ya ce mini yadda za a hana a ɗaga wa babba ƙafa.

Farfesa Umaru:
Malam Sani, tsoronka yana kan hanya, maganinka ne bai dace da ciwon ba. A bar lambar ta yi aikin da ta iya, wato ta nuna wace maƙala za a fara buɗewa. Amma a rubuta a dokar cewa kowane rahoto sai an buɗe shi, kuma a rubuta abin da za a duba: wane wuri ɗaya ne ya fi ba da kashi, a wane sashe launin ya taru, an ambaci mai maganar ko ba a ambata ba. Wanda ya saba, wannan ba ya ɗaukarsa lokaci. Mai dubawa ya rubuta layi biyu na abin da ya gani ya sa hannu, in akwai shakka mutum na biyu ya duba ba tare da ya ga sunan marubuci ba. Rubutaccen dalili mai sa hannu ya fi lamba wuyar murɗawa, don babban da kake tsoro yana da ɗalibin da zai sauke masa kashin kafin wayewar gari.

In an ga abin zargi, ba sai an ƙirƙiro hanya ba. COPE, kwamitin ɗa'ar wallafa da wasu editocin mujallun likitanci suka kafa a Birtaniya a 1997, ya fitar da matakai dalla-dalla, kyauta ne a shafinsu. Wasiƙar farko ba a sa kalmar sata a cikinta. Ni ga yadda nake rubutawa: "Mun lura cewa sakin layi na biyu da na uku a shafi na 8 sun yi daidai da na maƙala kaza. Ga su nan a jere gefe da gefe. Muna neman bayaninku kafin mu ci gaba." Shi ke nan. In 'yan jimloli ne, a ce ya gyara ya ambaci mai su. In babba ce kuma bayanin bai gamsar ba, a ƙi maƙalar, a duba yiwuwar sanar da jami'arsa. Binciken mutum da hukunta shi aikin jami'a ne, mujalla ba ta da ikon kiran shaidu ko buɗe kwamfutar kowa. Nata shi ne tsare abin da ta buga. Shi ya sa in an riga an buga, ake janyewa a fili: maƙalar ta zauna a intanet da tambarin janyewa, sanarwar ta faɗi dalili, kowa ya iya karanta ta ba tare da biya ba. Cire ta a asirce cin amana ne na biyu, don waɗanda suka riga suka sauke ta za su ci gaba da kafa hujja da ita.

Dakta Rabi:
Allah ya ƙara girma Farfesa. Amma me ya sa ake lallaɓa wanda aka kama dumu-dumu? Sakin layi biyu kalma da kalma ai ba sa bukatar bayani.

Farfesa Umaru:
Saboda wani lokaci wanda ke gabanki shi aka yi wa satar. Michael Dansinger, likita a jami'ar Tufts da ke Amurka, ya aika maƙala ga mujallar Annals of Internal Medicine a 2015, aka ƙi ta. Daga baya ya tarar da aikinsa an buga shi a wata mujalla da sunayen wasu, kuma ashe ɗaya daga cikin masu bitar da aka aika wa ne ya ɗauke. An janye waccan a 2016. Yanzu ki ɗauka bai gani ba, ya aika aikinsa zuwa mujallarki. Manhaja za ta nuna shi ne ya kwafa, don wancan ya riga shi fitowa. Dokar kashi 20 za ta mayar masa da aikinsa da tabon sata a kai.

Malam Bashir:
Subhanallahi. Farfesa, wannan ya tuna mini cewa matsalar ta girmi injin buga littafi a wurare da yawa. Imam Suyuɗi, wanda ya rasu a 1505, sai da ya rubuta risala sukutum kan bambancin mawallafi da ɓarawo, saboda wani ya kwashe masa aiki bai ambace shi ba. Malamanmu sun ɗauki jingina magana ga mai ita cikin albarkar ilimi. Da za a koya wa ɗalibi ambaton madogara a matsayin amana tun shekarar farko, da rabin aikin edita ya ragu.

Malam Sani:
Malam Bashir, wa'azi yana da kyau, amma ga inda nake jin zafi. A sanar da jami'a, a kori ɗalibi, malamin da sunansa ke kan maƙalar kuma ya ce "ban gani ba, yaron ne ya rubuta". Lokacin ƙarin girma maƙalar tasa ce, lokacin tuhuma ta yaro ce.

Dakta Yakubu:
Nan kam muna tare. Kwamitin editocin mujallun likitanci na duniya, ICMJE, sharaɗi huɗu ya gindaya kafin a kira mutum marubuci: ya ba da gudummawa ta gaske a tsara binciken ko tattara alƙaluma ko nazarinsu, ya sa hannu a rubutun ko gyaransa, ya amince da kwafin ƙarshe, sannan ya yarda zai ɗauki alhakin aikin. Na huɗun a 2013 aka ƙara shi, saboda irin wannan zillewar. Abu mai sauƙi da ƙaramar mujalla za ta iya: ta aika saƙon karɓar maƙala ga duk wanda sunansa ke kai, ba ga mai aikowa kaɗai ba, kowa ya amsa ya faɗi abin da ya yi. Wanda ya amsa ba shi da bakin cewa bai gani ba. Wanda aka liƙa sunansa bai sani ba kuma, a nan zai sani.

Jamila:
To ChatGPT fa, ranku ya daɗe? Yanzu ai ba wanda ke zama da ƙamus.

Malam Nura:
Tun farkon 2023 mujallun Nature da Science, da kuma COPE, suka ce ba a sa shi a jerin marubuta, saboda ba ya ɗaukar alhaki. Yawancin mujallu yanzu suna neman a bayyana in an yi amfani da shi. Amma don Allah kar a maimaita kuskuren kashi da manhajojin da ke cewa suna gane rubutun na'ura. OpenAI, wadda ta yi ChatGPT, da kanta ta janye tata a watan Yulin 2023 saboda rashin daidaito, kuma an nuna irinsu sun fi zargin waɗanda Turanci ba harshensu na farko ba ne. Ni abin da nake yi, in tsinci madogara uku ko huɗu daga jerin in neme su. In ka ga sunan marubuci na gaske, mujalla ta gaske, amma maƙalar babu ita a duniya, to ka samu abin da za ka tambaya a kai, kuma hujja ce da ba a musu.

Hajiya Dakta Amina:
Na daɗe ina karantawa ban ce komai ba. Duk abin da kuka kawo na kamu ne. Ni tambayata, me ya sa mutum mai hankali, mai iyali, zai jefa sunansa a wannan haɗari? Saboda kwamitin ƙarin girma ƙirga maƙalu yake yi, ba karanta su ba. Muddin goma marasa amfani sun fi biyu masu kyau maki, za a yi sata, za a yanka bincike ɗaya gida huɗu, za a kai kuɗi ga mujallun bogi. A 2013 John Bohannon ya aika maƙalar ƙarya mai kurakurai a fili ga mujallu 304, guda 157 suka karɓa. A 2019 kotu a Amurka ta ci kamfanin buga mujallu na OMICS tarar sama da dala miliyan 50 kan yaudarar marubuta. Waɗannan ba za su rayu ba da babu masu saye. Sanarwar DORA ta 2012, wadda wasu editoci da mawallafa suka fitar kan yadda ake auna bincike, ta nemi a auna aikin kansa maimakon sunan mujallar da ya fito, China kuma a 2020 ta hana jami'o'inta ba da tukuicin kuɗi kan buga maƙala, bayan ta ga abin da ya haifar. Edita shi kaɗai tamkar mai kwalfar ruwa ne daga kwalekwalen da ke yoyo.

Malam Sani:
Ranki ya daɗe, gyaran kwamitin ƙarin girma ba a hannun Dakta Rabi yake ba. Ni dai na sauko zuwa nan: lamba ta zama ƙararrawa, mutum biyu su sa hannu. Amma ina nan kan bakata cewa a rubuta wata lamba da in an haura ta babban edita da kansa zai duba, don kar a ce kowa ya yi yadda ya ga dama.

Farfesa Umaru:
Wannan ba laifi, muddin ba a buga lambar a shafin umarni ga marubuta ba. Ranar da kuka buga ta, ta zama abin da za a riƙa auna wa.

Malam Nura:
Akwai ɓangaren da ba mu taɓa ba, Dakta Rabi, kuma ya shafi mujallarku kai tsaye. Manhaja ba ta ganin abin da ba ya cikin rumbunta. Mujallar da ke fitowa a takarda kaɗai, ko wadda ta ɗora tsofaffin fitowarta a matsayin hoton shafi da na'ura ba ta iya karantawa, ita ce ta fi daɗin sata, don duk wanda ya kwashe daga cikinta zai fito da kashi sifili. Shi ya sa Crossref ta sa sharaɗi ga mai son Similarity Check cewa sai ya buɗe nasa rubutun an shigar a rumbun. Kafin kwamitinku ya gama gardamar kashi, ku tambayi kanku ko maƙalun da kuka buga shekarun baya suna da lambar DOI, wato lambar rajista ta dindindin da ake gano maƙala da ita a intanet, kuma ko rubutunsu na karantuwa. In babu, ku fara da fitowar da aka fi nema, ku sake ɗaukar shafukan da manhajar da ke mayar da hoto rubutu, mutum ya bi ya gyara kurakuran, musamman sunayen marubuta da shekaru, sannan a yi musu rajista.